Hadda ta zauna, maki ya ƙi hawa: bin sawun faɗuwar wata ɗalibar jinya daga Fabrairu zuwa Nuwamba

## Asalin lamarin

Kwalejin da abin ya faru tana wata jiha a arewa maso yammacin Najeriya, jingine da babban asibitin da ɗalibanmu ke koyon aiki. Ina koyar da darasin jinyar manya, ɓangaren cututtuka da na tiyata, kuma a waccan shekarar ni aka damƙa wa 'yan ajin ƙarshe, su 74. Na sakaya sunan makarantar da na ɗalibar.

Ga wanda bai san tsarin ba, a lokacin karatun nas a makarantu irin tamu shekara uku ne. Watanni shidan farko na tankaɗe da rairaya ne, a nan ake sallamar waɗanda ba za su iya ba. A ƙarshe kuma babu mai ɗaura farar riga da sunan cikakken ma'aikacin jinya sai ya ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar soja a 1979. Ta nas-nas sau biyu ake yi a shekara, Mayu da Nuwamba, makin ci 50 cikin 100. A lokacin ƙa'ida ita ce wanda ya faɗi sau uku ya rasa gurbinsa. Shi ya sa kowace makaranta kan yi tata jarrabawar tantancewa tukuna, ba ta tura sunan kowa sai wanda ta ga alamar zai kai labari.

Ita wannan ɗaliba daga wani ƙaramin gari ta zo, ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare, yayanta mai shagon kayan masarufi ke biya mata komai. Mahaddaciya ce, tun kafin ta zo mana ta sauke a Islamiyya. Shekarunta biyu na farko babu abin da ya ja hankalin kowa: makinta a gwaje-gwajen aji tsakanin 65 da 75 yake yawo. In aka ce ta lissafo jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ko matakai biyar na tsarin jinya, za ta zubo su a jere ba gargada. A ɗakin marasa lafiya kuwa sistoci na yabon hannunta wajen sa allurar ƙarin ruwa da wankin ciwo.

## Fabrairu: jarrabawar gwaji

A tsakiyar Fabrairu muka yi musu gwaji irin na Majalisa: tambayoyin canki-canka 100, a kan kwamfuta, yawancinsu ba "lissafo" ko "bayyana" ba ne, labarin majiyyaci ake ba ka a ce me za ka yi. Ta samu 38.

Sai da na sake duba lambarta sau biyu. Ba ita kaɗai ta faɗi ba, mutum 19 ne ba su kai 50 ba, amma sauran sanannu ne, kullum a ƙasan takarda sunansu yake. Ita kuwa daga sama ta rikito. Da na kira ta ofis na tambaye ta ko lafiya, kanta a sunkuye ta ce, "Malama, wallahi na yi karatu." Ban musa mata ba. Mai gadin ɗakin kwanan ɗalibai ma shaida ce, takan gan ta da tocila bayan an ɗauke wuta.

## Fabrairu zuwa Maris: abin da aka fara gwadawa

Taron malamai ya yanke abin da aka saba yankewa. Duk wanda bai kai 50 ba zai riƙa zuwa ƙarin darasi bayan la'asar, awa biyu, kwana huɗu a mako, har makonni biyar. Kowane malami ya ɗauko takardun darasinsa ya sake bi daga farko. An kuma raba musu damin tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, irin wanda ke yawo hannu da hannu a kowace makarantar jinya, wasu shafukan ma saboda yawan kwafi ba sa karantuwa.

Ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. A mako na uku na jarraba ta da tambayoyi 20 daga cikin damin, ta ci 19. Na yi murna, na gaya wa jami'in jarrabawa cewa yarinya ta farfaɗo.

Ƙarshen Maris aka yi jarrabawar tantancewa. A ɓangaren nuna aiki da hannu ta samu 71. A rubutaccen ɓangare, 44. Sunanta bai shiga cikin masu zaman Mayu ba. Cikin mutum 19 ɗin, 13 sun haura, shida suka rage, har da ita.

## Afrilu: zuwan yayanta, da haɗa ta da gwanar aji

Yayan ya zo cikin tsananin zafin nan na Afrilu. Ya zauna a bakin kujera, hula a hannu, ya ce, "Ranki ya daɗe, in wasa take yi a gaya mini gaskiya, in kuma abin ya fi ƙarfinta ne a gaya mini, kada mu yi ta zuba ruwa a kwando." Na ce masa ba wasa take yi ba. Tambayarsa ta biyu kuwa na kasa amsa ta, domin a lokacin lamba kawai nake da ita a hannu, 38 da 44, ba su kuma faɗa mini komai ba sai cewa ba su kai 50 ba.

Sai muka haɗa ta da ɗalibar da ta zo ta ɗaya, a ce su riƙa bita tare. Makonni biyu abin ya yi ya watse. Gwanar na shirin tata jarrabawar, kuma irin mutanen nan ce da amsa ke zo musu ba su san ta inda ta biyo ba. In aka ce don me, sai ta ce ai a fili yake. Ita kuma tamu kunya ba ta barinta ta ce ba ta gane ba.

## Mayu: buɗe takardarta

Da 'yan ajinsu suka shiga jarrabawar Majalisa makaranta ta yi tsit, na samu sarari. Na sa aka fitar mini da amsoshinta na Maris ɗaya bayan ɗaya, na zaunar da ita, na ce kowace tambayar da ta faɗi za ta karanta a bayyane, sannan ta gaya mini da Hausa abin da aka tambaya, da abin da ya zo mata a rai har ta zaɓi abin da ta zaɓa. Ba zan gyara mata ba, rubutu kawai zan yi. Zama uku muka yi kafin mu gama 56 ɗin da ta rasa.

Wadda ta fara buɗe mini ido ita ce ta mace mai jego. Labarin: mace ta haihu minti talatin da suka wuce, jini na zuba, an taɓa mara an ji mahaifa ta saki, ba ta dunƙule ba. Me nas za ta fara yi? Na ce ta ajiye zaɓin tukuna, me ta sani a kan zubar jini bayan haihuwa. Nan take ta kawo ma'anar da ke littafi, asarar jini mililita 500 ko fiye cikin awa 24 da haihuwa, ta jero dalilai huɗu: sakin mahaifa, saura na mabiyiya, yagewa, da rashin daskarewar jini, har ta ƙara da cewa na farkon ya fi yawa. Amsar da ake nema ita ce a murza mahaifar ta kan mara don ta dunƙule. Ita ta zaɓi "a sanar da likita."

Na ce me ya sa. Ta ce, "Malama, ai ɗaliba ba ta taɓa komai sai ta gaya wa babba."

Da na koma na ƙirga, duk inda "a sanar da likita" ko "a sanar da shugabar ɗaki" ya fito cikin zaɓi, shi take ɗauka. Sau tara ya fito, sau tara ta ɗauke shi, sau biyu kacal ya zama daidai. Shekara uku muna koya mata a ɗakin marasa lafiya cewa ta tsaya a matsayinta, ta kuma koya da kyau. Jarrabawa kuwa tana tambayarta ne a matsayin nas ɗin da ke tsaye ita kaɗai a kan gado ƙarfe biyun dare.

Kashi na biyu na harshe ne. Da Turanci ake jarrabawar, ita kuma a zuci takan juya kowace jimla zuwa Hausa kafin ta amsa, kuma a wajen juyawar ƙananan kalmomi ke zubewa. Kalmar "except" ta tsallake ta sau shida, ta zaɓi amsa ta farko da ta ga gaskiya ce, alhali wadda ba gaskiya ba ake nema. "Contraindicated" da "indicated" a idonta kusan abu ɗaya ne in tana sauri, ga shi ɗaya na nufin a ba da magani, ɗaya na nufin kada a kuskura. Haka "hypo" da "hyper", ƙasa da sama.

Da muka gama, kurakuran 56 suka rabu haka: 21 ta san ilimin amma ta kasa zaɓar abin da ya kamata a fara yi, 17 ba ta karanta tambayar daidai ba, 8 ba ta san abin ba sam, 6 lissafin magani ne da na ɗigon ruwa, 4 lokaci ya ƙare ba ta kai gare su ba. Na huɗun nan dalilinsu ya ba ni tausayi: linzamin kwamfuta ba ta saba da shi ba, takan danna amsa sau biyu sau uku don ta tabbatar ta shiga.

Na kuma tambaye ta yadda ta ci 19 cikin 20 a watan Maris. Ta yi murmushi karo na farko, ta ce ai ta haddace su ne, ta ɗaya B, ta biyu D, har shafin da kowace take ta sani.

## Yuni: juyowa kan namu tambayoyin

Laifi tudu ne. Tunda na ga abin da takardarta ta ɓoye, sai na nemi jami'in jarrabawa mu yi wa takardar Maris ɗin kanta awo. Hanyar tsohuwa ce, tun 1939 wani masanin awon ilimi a Amurka, Truman Kelley, ya nuna cewa in za a kwatanta na sama da na ƙasa, kashi 27 cikin 100 na kowane ɓangare ya fi dacewa a ɗauka. A ajin mutum 74 wannan ya ba mu 20 na sama da 20 na ƙasa. Kowace tambaya a duba abu biyu: mutum nawa ne a ajin suka ci ta, sannan na sama nawa suka ci in aka cire na ƙasa nawa. Tambaya mai kyau na sama ke rinjaye a kanta. Wadda na ƙasa suka fi ci kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Mun samu irin waɗannan guda bakwai. Uku daga ciki amsar da muka sa wa kwamfuta ce ba daidai ba, ɗaya ma tawa ce. Sauran huɗun amsa biyu-biyu ke iya zama daidai. Da aka gyara ukun, makinta ya tashi daga 44 zuwa 46, bai dai kai ba. Wani ɗalibi kuwa daga cikin shidan ya tashi daga 48 zuwa 51, an hana shi zaman Mayu a kan kuskurenmu. Shugaban makaranta da kansa ya kira shi ya ba shi haƙuri, wata shidan dai sun riga sun tafi.

Daga nan muka ɗauko gwaje-gwajen ajin da take samun 70 a cikinsu. A 1990 George Miller ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake amfani da sanin, ya nuna a gaban mai gwadawa, ya yi a bakin aiki. Hawa na uku muna auna shi da jarrabawar tasha-tasha, inda ɗalibi ke bin tasha bayan tasha yana nuna aiki da hannu, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka fito da ita a Dundee ta Sukotlan a 1975, kuma a nan ba ta da matsala. Amma da na ƙirga tambayoyin da ni kaina na ba su a zanguna biyu, cikin 120 guda 97 a hawan farko suke: lissafo, kawo ma'ana, ambaci biyar. Hawa na biyu, inda Majalisa ta fi tsayawa, kusan ba mu taɓa leƙa shi ba.

## Yuni zuwa Satumba: sabon tsari

Aka daina sake karanta musu darasi. Duk ranar Litinin da Alhamis tambayoyi 20 sababbi, a kan kwamfuta, minti 20, waɗanda malamai uku suka zauna suka tace, kuma ba a maimaita tambaya da lafazinta. Bayan an gama ba a tashi sai kowa ya faɗi dalilin da ya sa zaɓi ukun da ya bari ba su ne ba. Da Hausa ake wannan muhawara in an ga dama, amma tambaya da Turancinta ake karanta ta.

Ita na ba ta wasu ƙa'idoji nata na kanta. Kafin ta kalli zaɓi ta rufe su da hannu, ta nemo kalmar da tambayar ta rataya a kai, ta faɗi amsarta tukuna. In ta ga "a sanar da likita," ta tambayi kanta ko akwai abin da hannunta zai iya yi cikin minti ɗaya wanda in ba a yi ba majiyyaci zai cutu, ta duba su a jere: hanyar shigar iska, numfashi, sannan zagayawar jini. In babu, to a kira likitan. Ta kuma buɗe littafin kurakurai: kowace tambayar da ta faɗi ta rubuta ta, ta sa mata kashinta cikin biyar ɗin nan.

Lissafi kullum guda biyar da safe, da alƙalami. Ledar ruwa mai mililita 500 da za ta shiga cikin awa shida, da igiyar ƙarin ruwa mai ɗigo 20 a kowace mililita: 500 sau 20, a raba da minti 360, ɗigo 28 ke nan a minti. Yaro mai kilo 12 da za a ba farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, miligiram 180 ke nan, in kwalbar na ɗauke da 120 a cikin mililita 5 sai a ba shi mililita 7.5. Kuskurenta ɗaya ne yake ta dawowa, takan manta ta mayar da awa zuwa minti.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maganar bita. Na tambaye ta yadda take riƙe haddarta. Ta ce ai ba a muraja'a da kallon takarda, rufewa ake yi a karanto, inda aka kakare a buɗe, kuma tsohon izu ba a barinsa ya daɗe ba a waiwaye shi ba. Na ce to me ya sa karatun jinya take yi masa akasin haka, ta yi ta maimaita karanta shafi ido a buɗe? Ta ce ba ta taɓa ɗauka hanya ɗaya ba ce. A 2006 Roediger da Karpicke sun wallafa bincikensu a Amurka da ya nuna ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi masu sake karantawa riƙe shi bayan mako guda. Malaman allo ba su jira wannan ba. Muka tsara mata: darasin yau a rufe a tuno shi gobe, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako.

Watan farko abin bai yi kyau ba. Makinta cikin 20 ya tsaya a 9, 10, 9, har ya taɓa sauka 7, don rufe zaɓi da neman kalma na cinye mata lokaci. Ta zo tana hawaye ta ce a bar ta ta koma damin tsofaffin tambayoyinta, can aƙalla tana ganin ci. Na ce ta kawo littafin kurakuran. Kashin "ban karanta daidai ba" ya ragu daga biyar a kowane gwaji zuwa ɗaya ko biyu, kashin "lokaci ya ƙare" ne ya kumbura. Na nuna mata, na ce ta ƙara mini makonni uku.

Agusta ta zo da ruwa da sauro, ɗakin yara ya cika da masu zazzaɓi, aka tura su can aiki. Na roƙi sistar ɗakin alfarma biyu: a rage mata kwanan dare a ranakun gwaji, kuma duk yaron da aka kawo a tambaye ta me za ta fara yi kafin a gaya mata. Ta farkon ba ta samu yadda ake so ba saboda ƙarancin ma'aikata. Ta biyun sista ta riƙe ta da gaske, har da faɗa. A ƙarshen watan makinta ya zauna tsakanin 13 da 15.

## Oktoba da Nuwamba: sakamako

Gwaji mai tambaya 100 na ƙarshen Satumba ta samu 58. Jarrabawar tantancewa ta Oktoba, 63, ta kuma amsa duka kafin lokaci ya cika. Cikin 37 da ta rasa, 16 na rashin sani ne, 11 na zaɓen abin farawa, 5 na karanta tambaya, 5 na lissafi. Ta zauna jarrabawar Majalisa a Nuwamba, da sakamako ya fito ta ci. Cikin su shidan, biyar suka ci.

## Abin da na fahimta

Ƙarin darasin Maris ya faɗi a kanta ne domin ya yi maganin kashi mafi ƙanƙanta na ciwonta, 8 cikin 56, ya bar sauran. Damin tsofaffin tambayoyi kuwa cutar da ita ya yi: ya ba mai ƙarfin hadda abin haddacewa, ya ba ni 19 cikin 20 na je ina shela. Ba na cewa a ƙona shi, amma ba a auna ɗalibi da tambayar da ya riga ya ga amsarta.

A ganina zaman nan uku na Mayu su ne mafarin komai, kuma a watan Fabrairu ya kamata a yi su, da ba ta rasa zangon Mayu ba. Babban laifin na gwaje-gwajenmu ne na shekara biyu, da suka yi ta gaya mata da mu cewa lafiya lau. Yanzu kowace takarda sai an yi mata jadawalin rabon tambayoyi kafin a buga, a yi mata awon na sama da na ƙasa kafin a liƙa sakamako.

Ba zan iya rantsuwa a kan wanne ne cikin matakan ya fi aiki ba, tunda tare aka yi su, ga kuma ƙarin watanni shida da ko ba komai suna da nasu tasiri. Abin da littafin kurakuranta ya nuna dai shi ne kashi biyun da aka nufa su suka fi raguwa. Lissafi bai motsa sosai ba, daga 6 zuwa 5, kuma wannan ya fi damuna fiye da kowane, domin kuskuren ɗigo a kan jariri ba a gyara shi da zama na biyu. Na rubuta haka a takardar da ta tafi da ita wurin aiki, na kuma gaya mata baki da baki kada ta ɗaura wa yaro ruwa sai wani ya duba lissafinta.

Na shidan da bai ci ba, da na buɗe tasa takardar a makare, kashi biyu cikin uku na kurakuransa na rashin sani ne tsagwaronsa. Shi ƙarin darasin da muka soke ne ya dace da shi, muka sa shi cikin tsarin da aka ɗinka a jikin wata. A Janairu muka fara da shi daga darasin sassan jiki, awa ɗaya kullum bayan azahar.